Tutar da Ke Akwatin Baba Lado

Tajuddeen ya kama ƙyallen da hannu biyu ya ɗaga, sai ya warware har gwiwarsa. Fari ne, irin farin da ya sha shekaru. Jan gicciye ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu, ga kuma jajayen ɗigo biyu a gefe guda. Warin kafur ya cika ɗakin.

"Alhaji," in ji shi, "zo ka ga abin da aka naɗe likkafanin da shi."

Alhaji Oumarou ya baro bakin ƙofa ya matso. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Bai taɓa ƙyallen ba.

Ikram tana durƙushe gaban akwatin ƙarfen da suka jawo daga ƙarƙashin gado, likkafanin a kan cinyarta. Tun tana 'yar shekara tara ta san wannan ƙyalle, shi ya sa da farko ba ta gane abin da ya sa mazan suka yi shiru ba. Sai da ta dubi fuskar Alhaji.

Da asubar ranar, ranar Alhamis, Baba Lado ya rasu a kan gadon nan, a hawa na huɗu na wani tsohon bene da ke bayan Bay Street a unguwar Stapleton ta birnin New York. A'i, mahaifiyar Ikram, ita ta same shi da ta kai masa kunu. Shekara goma sha tara ƙofarsu na kallon tasa. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta sa hannu a takarda, motar gidan gawa ta ɗauke shi zuwa Brooklyn, aka ce a zo wanka da ƙarfe uku, a yi masa salla gobe bayan Juma'a. Liman ya tafi aikin hajji. Wankan maza kuwa a unguwar nan Alhaji Oumarou ke yi, mutumin Maraɗi, mai kantin shinkafa da manja. In ya ce a yi sahu, za a yi. In ya noƙe, ba wanda zai fito gaba.

Kada ka yi saurin girgiza kai, mai karatu. Kai ma ka san Baba Lado, ko ka san irinsa. Ka sha hango shi a taga, ka ɗaga masa hannu daga mota, ka ce, "Adimiral, ya jiki?" ka ja motarka kafin amsar ta sauko daga bene. Ka lura ya daina zuwa masallaci, ka ce Allah ya ba shi lafiya, ka ɗauki takalminka ka tafi. Matakala sittin da biyu ce tsakaninka da shi, kuma ba ka taɓa hawa ba.

"Bon," Alhaji ya ce a hankali. "Wanga abu gicciye ne."

"Tuta ce, Alhaji," in ji Ikram.

"Tutar wa?"

"Ta sojan ruwa. Ai kun san aikin da ya yi."

Tajuddeen, wanda ke tuƙa tasi kuma ba abin da ke faruwa a Stapleton bai kai shi waya ba, ya riga ya zaro tasa. "Bari in ɗauki hoto in tura wa group ɗin masallaci, mu ji ta bakin masu ilimi."

"Ka tura ka gani. Taga a buɗe take, kuma hawa na huɗu muke," in ji Ikram.

Ya dube ta, ya dubi tagar, ya mayar da wayar aljihu.

Alhaji ya zauna a kan kujerar keken ɗinkin marigayin, ya haɗa hannuwa. Ba mugun mutum ba ne. A fuskarsa tsoro ne ya fi yawa. "Ɗiyata, ni ba alƙali ba ne. Amma hannuna ne za ya wanke shi, kuma ni za a tambaya gobe ƙiyama. Shekara uku ba mu gan shi ga salla ba. Kullum wata macce 'yar coci tana shiga nan tana fita. Yanzu ga gicciye haɗe da likkafani. Na ga irin haka a Bronx: tsoho ya rasa kowa, mutanen coci su zo da abinci da mota, shi ke nan. In abin da ya zaɓa ke nan, ba ni da ikon in yi mishi sallar da bai so."

Ikram ta miƙe. Shekararta ashirin da bakwai, tana aiki da wata ƙungiya mai kare masu haya, kuma ta saba tsayawa gaban masu gidaje da lauyoyinsu ba ta ƙifta ido ba.

"Shekara uku ba ku gan shi ba saboda ƙugunsa ya karye, masallacinku kuma yana basement, can ƙarƙashin ƙasa, matakalarsa kamar ta rijiya. Wasiƙa nawa na rubuta wa kwamiti a samo kujerar da za a riƙa sauko da tsofaffi? Kuka ce in sha Allahu. Na ce a raba kwanaki, kowane magidanci ya ɗauki Juma'a ɗaya ya zo ya kai shi. Kuka ce za a zauna a kai. Yau ne karonku na farko a ɗakin nan, Alhaji, kuma minti goma da shigowarku har kun fitar da shi daga Musulunci. Seriously?"

A'i, wadda ke tsaye bakin kicin, ta matso ta kama damtsen 'yarta ta murɗe. "Ke. Sa'an ubanki kike ɗaga wa murya? A gidan mutuwa?"

"Umma, ba ki ji abin da—"

"Na ji. Ki sauke."

Alhaji ya kau da kai, ya fara laluben makullin motarsa. Ikram ta ga hannun nasa. In ya sauka matakalar nan bai ɗauki likkafanin ba, ma'aikatan gidan gawa ne za su wanke Baba Lado, mutanen da ba su san ko sunansa ba, gobe kuma ba za a yi shela a masallaci ba. Gaskiyarta ba za ta wanke kowa ba.

Baba Lado ne ya taɓa ce mata, ranar da ta dawo daga makaranta tana zage-zage a kan wani malami, "Tuta ba ta ihu, Ikramu, amma daga mil biyar ake jin maganarta."

Lokacin da suka tare a benen nan, A'i tana aiki safe da yamma a ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi. Ba wanda ya roƙi Baba Lado. Shi da kansa ya fara tsayawa a tashar bas ƙarfe uku, ya karɓi jakar yarinyar, ya sa ta gaba har sama. In ta yi masa Turanci sai ya kama kunne ya ce, "Sigina ba ta iso ba," har sai ta maimaita da Hausa. Duk Hausar da take da ita yau, da wadda ta yi wa Alhaji faɗa da ita, a ɗakin nan ta same ta, tana cin gyaɗa a kan tabarma, shi kuma yana taka keke yana rage wa mutane wanduna. Mutumin Yawuri ne, ɗan masu kwalekwale, ya shiga sojan ruwa a Legas yana saurayi. Mutanen unguwa suka laƙa masa Adimiral, wato babban hafsan sojan ruwa. Kullum sai ya gyara musu: "Ni ba adimiral ba ne. Ni ke ɗaga wa adimiral tuta." Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye shi bambancin, sai ita.

Ta haɗiye abin da ya rage a bakinta. Ta ajiye likkafanin a kan matashi, ta karɓi ƙyallen daga hannun Tajuddeen, ta shimfiɗa shi a kan gado.

"Alhaji, ku yi haƙuri. Na yi rashin kunya. Ku ba ni minti biyar, in kun ji sai ku yanke."

Ya bar makullin a aljihu.

"Ku duba gefen nan. Kun ga zane mai kauri da aka ɗinka, da igiya a ciki, da ɗan katako a samanta? Da shi ake maƙala ta a igiyar jirgi. A Ingila aka ba shi, lokacin da aka tura su koyon aikin sigina. Shi ya zo na ɗaya, malaminsu ya ba shi wannan, tsohuwa ce an daina amfani da ita. Gicciyen nan alamar ƙasar Ingila ce, a kan jiragen yaƙinsu take. Abin da tutar ke cewa guda ɗaya ne: babban hafsa yana cikin jirgin nan. In ya hau, a ɗaga. In ya bar aiki, a sauke."

"Ɗigon nan biyu fa?" in ji Tajuddeen, wanda son jin labari ya fara cin ƙarfinsa.

"A da, lokacin jiragen da iska ke turawa, kowane babban jirgi ginshiƙi uku gare shi. Babban adimiral, a ginshiƙin tsakiya ake ɗaga masa tuta. Mai bi masa, a na gaba. Na ukunsu, mai tsaron bayan runduna, a na baya. Kana hangowa ka san waye a ciki. Da jiragen inji suka zo, ginshiƙan suka ragu, ba wurin da za a bambanta su. Sai aka koma ga ɗigo. Babban ba shi da ko ɗaya, mai bi masa ɗaya, na ukun biyu."

"To ashe mai biyun ne ƙarami."

"Shi ne. Baba yakan ce Turawan Ingila in mutum ya girma sai su rage masa kaya, Amurkawa kuwa sai su ƙara masa. Alhaji, don Allah ku zo taga."

Ƙarshen watan Mayu ne, makon da jiragen yaƙi ke zuwa New York a buɗe wa jama'a su shiga kallo. Biyu daga cikinsu suna ɗaure a gaɓar Stapleton, masu launin toka, mutane sun yi layi a rana. Duk shekara Baba Lado yakan yi makon nan a bakin taga da madubin hangen nesa, yana karanta tutocin kamar jarida. Bana kwana ɗaya kawai ya samu. Ikram ta ɗauko madubin daga ƙusa ta miƙa wa Alhaji. Ya kama shi a juye, ta juya masa.

"Jirgin dama, can ƙololuwa. Me kuka gani?"

Ya daɗe yana nema. "Shuɗin ƙyalle. Da taurari farare. Biyu."

"Ita ce 'yar'uwar wannan da ke kan gado. Aiki ɗaya suke yi, su Amurkawa taurari suke sa wa."

Alhaji ya sauke madubin, ya riƙe shi a ƙirji. "Na yarda tuta ce. Allah ya ƙara miki sani. Amma mi ya sa ya haɗa ta da likkafani nai?"

"Akwati ɗaya gare shi mai kafur. Ba ya son asu ya ci ta."

"Wannan ke kika faɗa, ɗiyata, ba shi ba. Kin gaya mini abin da ke ga ƙyalle. Abin da ke ga zuciyarshi shekara ukun nan fa? Ke kina nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ba ta nan. Shekara biyu ke nan da ta koma unguwar Jamaica, can wani gefen New York, kusa da ofis, tana zuwa Asabar, wani lokacin ta tsallake. In ta zo kuma, rabin zaman ita ke ba shi labarin ƙararrakin da ta ci. A'i kuwa safe da dare take leƙa shi, tsakani tana wurin aiki.

Alhaji ya kira lambar liman a Makka. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake, haka. Agogon bango ya nuna sha biyu saura kaɗan.

Sai suka ji makulli a ƙofa.

Mace ce mai kimanin shekara sittin, gajera, da rigar ma'aikatan kula da marasa lafiya, da leda a hannu ɗaya, da kular abinci a ɗayan. Ɗan ƙaramin gicciyen zinariya na lilo a wuyanta. Adjoa ke nan, mutuniyar Kumasi, wadda kamfanin jinya ya turo wa Baba Lado tun da ya karye. A bakin zangon Hausawa ta girma, Hausarta ta can ce. Tajuddeen ya dubi wuyanta, ya dubi Alhaji.

Ita kuwa gadon ta duba.

"Ina Papa? An kai shi asibiti?"

Ikram ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Tun safe take kiran mutane, ta kira kwamiti, ta kira gidan gawa, ta kira wani ɗan ƙaninsa a Yawuri. Matar da ke wuni da shi kwana shida a mako ce ba ta tuna da ita ba.

A'i ce ta je ta karɓi kular, ta riƙe mata hannu. "Maman Kwasi, sai haƙuri. Ya cika da asuba."

Adjoa ba ta yi kururuwa ba. Ta kira sunan Ubangiji da yarensu, "Awurade," a hankali, ta zauna a bakin gado, a kan tutar, ba ta ma lura da ita ba. Hawaye na zuba tana shafa wurin da kansa ya lotsa matashi. Can ta share fuska da bayan hannu, ta sunkuya ta leƙa gefen gado, ta jawo buta da ƙaramin kwano. Kwanon a bushe yake. Ta ɗaga kai ta dubi teburin magunguna, inda wani dutse mai santsi, kamar girman tafin hannu, yake zaune a gaba-gaba.

"To, ya samu," in ji ta. "Dutsen ya matso. Jiya a baya na bar shi. Ya yi sallan shi kafin ya tafi."

Alhaji ya juyo gaba ɗaya. "Madam, wane dutse?"

"Na taimama. Da asuba ba ni nan, ba mai zuba mai ruwa, sai ya yi da dutse. Ni ne na kawo mai daga South Beach. Na farko da na kawo ya ce siminti ne, Allah bai ce siminti ba, ya kore ni na koma." Ta yi 'yar dariya cikin kuka. "Papa da rigima."

"Da rana fa?"

"Da rana ni ne. Azahar da la'asar, wani lokaci har magariba in ban yi sauri ba."

"Ke kike yi mishi alwala?"

"Hannun shi na rawa. Wa zai yi?"

Alhaji ya ce, da muryar mai gwada ɗalibi, "Yaya kike yi?"

Adjoa ta dube shi, ta dubi Tajuddeen, ta dubi ƙyallen da take zaune a kai, da jan gicciyen da ya fito daga ƙarƙashinta. Ta gane. Fuskarta ta canja. Ta miƙe, ta kama hannun Ikram ta zaunar da ita inda Baba Lado ke zama, ta naɗe mata hannun riga, ta ajiye kwanon a cinyarta, ta ɗauki butar.

"Shi zai ce bismillah, ni ba na cewa. Hannu, sau uku, tsakanin yatsu. Baki. Hanci. Fuska, daga nan har gemu, kuma sai ruwa ya shiga gemun. Dama kafin hagu, har gwiwar hannu, ba a tsayawa a nan, sai a wuce kaɗan." Ruwan na zuba a kwano, hannunta na tafiya ba gargada, irin na wanda ya yi abu sau dubu. "Kai, daga gaba zuwa baya, a dawo. Kunne. In na manta kunne sai ya riƙe mini hannu ya ƙi saki. Ƙafa, har idon sawu, da diddige. Ya ce diddige ne ke kai mutane wuta."

Ruwa na ɗiga daga haɓar Ikram zuwa rigarta.

"Gadon nan da kuke gani a karkace, ba haka yake ba," Adjoa ta ci gaba. "Ni da ɗana Kwasi muka juya shi, yana nuna mana da wayar Kwasi, wai fuskar shi ta kalli Makka. Sau ɗaya na ce mai, Papa, in kawo pastor ya yi maka addu'a? Ya ce, Adjoa, jirgi biyu na iya tafiya tare, amma kowane da tutar shi. Ban sake ba." Ta ajiye butar. "Ranar Juma'a kuma sai na goge mai farar riga. In sa mai hula, in sa turare, ya zauna a kujeran keken nan, Alhaji. Ya ce in bar ƙofa a buɗe, ko wani zai zo ya kai shi masallaci, kar ya buga mu ƙi ji. Ƙarfe biyu in ya yi, sai ya ce, to Adjoa, rufe, kawo buta."

"Kowace Juma'a?" in ji Tajuddeen, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sai wadda yake asibiti."

Alhaji Oumarou ya dubi kujerar keken ɗinkin da ya tashi daga kai. Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba, ya riƙe shi kawai. Ikram ta jira jin daɗin nasara ya zo mata, bai zo ba. Ita ma ba ta san zancen farar rigar ba.

"Labulen da ke raba maza da mata a masallaci, shi ya ɗinka," Alhaji ya ce, ba da kowa yake ba. "Ranar da na fara kasa kaya a titi, iska ta kwashe mini tanti, shi ya koya mini ɗaurin da ba ya kwancewa. Har yau da shi nike ɗaure buhu." Ya juya ga Adjoa, ya ɗan rusuna, abin da Ikram ba ta taɓa ganin ya yi wa wata mace ba. "Madam, aikinmu ne kika yi shekara uku. Ba mu da bakin gode miki. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan iyayenki."

"Amin," in ji Adjoa. "Shi ma ya yi mini. Kwasi bai iya ɗinki ba sai a nan."

Alhaji ya ɗauki likkafanin daga kan matashi da kansa, ya rungume. "Tajuddeen, yanzu ka fiddo wayar taka. Ka rubuta: salla gobe bayan Juma'a, kowa ya zo, wanda ke da aiki ya nemi izini. Ka ce ni na ce." Ya dubi Ikram da jiƙaƙƙiyar fuskarta. "Ke kuma, ɗiyata, bakinki da kaifi, amma ba ƙarya kika yanka da shi ba. Ki naɗe tutar tsohonki ki adana."

Ta naɗe ta yadda ya koya mata, ninki biyu a tsaye, sannan a nannaɗe, a zagaya igiyar a soke ta yadda fizga ɗaya za ta buɗe ta. Ta sa a jakarta. Sannan ta je gaban Adjoa ta durƙusa.

"Maman Kwasi, ban kira ki ba. Kowa na kira ban da ke."

Adjoa ta dafa mata kai. "Tashi, kar ki jiƙa mini takalmi. Ya ce ke ce kaɗai kika san ɗigo biyu da ɗigo ɗaya. Kullum sai ya faɗa, har na gaji."

A tasin Tajuddeen suka tafi, Alhaji a gaba da likkafani a cinya, mata uku a baya. Da suka hau gadar Verrazzano, Alhaji ya fara lissafa sunaye da yatsa, a hankali: Hajiya Abiba a Targee Street, tun azumi ba a gan ta ba, Malam Harouna mai ciwon suga, wani tsohon direba a Park Hill da ma sunansa ya ɓace masa. Ya kai yatsa na huɗu ya tsaya.

Kai ma kana da naka lissafin, mai karatu, kuma sunan farko ya riga ya faɗo maka. Kada ka kai shi kwamiti, kada ka tura shi group. Gobe Juma'a ce a wani ɗaki, wani ya sa farar riga. Ka je da motarka, in ba ka da ita ka je da bayanka.

Gidan gawar yana wani lungu a Brooklyn, tsakanin garejin gyaran mota da kantin kafet. Aka nuna wa matan benci a wani dogon baranda mai farin fenti, mazan suka shiga ciki. Bayan ɗan lokaci ƙofar ta buɗe, Alhaji ya leƙo, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, da safar roba a hannuwansa. Ya wuce Ikram, ya wuce A'i, ya tsaya gaban Adjoa.

"Madam, akwai abin da ya kamata in sani?"

Ta ɗan yi tunani. "Kafaɗar shi na hagu ba ya ɗaguwa sosai. In za ka juya shi, ka tallafa daga ƙasa. Kuma ba ya son ruwan sanyi."

Alhaji ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba umarni. Ya koma, ya ja ƙofar bai rufe ta duka ba. Suka ji ya ce wa Tajuddeen ya ƙara na zafi. Famfo ya yi ta zuba na ɗan lokaci, sannan ya tsaya, sai ƙarar ruwa kaɗan-kaɗan daga buta. Adjoa ta jingina kai da bango, ta rufe ido, leɓunanta na motsi tana ƙirga zubin ruwan, uku-uku.